Rigar Gida a Jikin Ƙyaure

Oko-Oba, Agege, Legas
14 ga Agusta, 2000

Zuwa ga uwar ɗakina Hansai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Khamisu, da sauran mutanen gida, da tumakin nan naki da kika fi ji da su a kan dangi. Mu nan lafiya lau, sai ruwa. Daminar bana ba ta da kunya, har cikin ɗaki take bin mutum. Gwiwata ma tana nan, ita ke sanar da ni hadari tun kafin ya haɗu.

Takardarki ta iso ta hannun Ɗanbaba direba, tana warin shanun Maigatari. Rubutunki ya gyaru, malaman yaƙi da jahilci ba su cuce ki ba. Sai dai wannan "bawan gidanmu" da kika rangaɗa a bayan ambulan, mahautan kwata sun gani. Mutumin da ake ce wa Oga Lado, yau kowa bawa, bawa. Na yi musu bayani cewa uwata ƙanwar ubanki ce, wasan taubasai ne, amma rabinsu haihuwar Legas ne, sun ɗauka da gaske sayena kika yi.

Kin yi maganar ƙaninki Sanda, Allah ya jiƙansa. Har yanzu in na wuce shagonsa na fata sai bakina ya yi sallama kafin in tuna. Kin ce in nemo rigar gida, saƙin nan da Inna mahaifiyarku ta kaɗa zarensa da hannunta, wadda kowane ango na gidan ubanku Malam Iliyasu yake sawa ranar ɗaurin aurensa, in ba Ɗanbaba ya kawo, tunda Khamisu ɗan ƙaninku da kika riƙa zai yi aure bayan ƙaramar salla. Na ji. Ina kan maganar. Ko azumi ba a fara hange ba, lokaci yana nan.

Kin tambayi kowa har da mai gadin masallaci, ba ki tambayi Badiyya ba. To ni zan ba ki labarinta kyauta. 'Yar Sanda ta gama makarantar zane a Yaba. Kada ki ɗauka irin masu rubuta "Allah Kiyaye" a bayan tirela ne. Nata daban ne. Kwanan baya ta zo rumfata tana neman ƙirgi, wato fatar sa, amma wanda wuƙar fiɗa ta ɓata. Na shimfiɗa mata masu kyau, ta tsallake su, ta je ta zaƙulo wanda ni kaina nake jin kunyar nunawa. A nan irinsa masu ganda ake ba wa su babbake a cinye, don mutanen garin nan takalmi kawai ba su fara ci ba. Na ce me za ki yi da wannan? Ta ce, "Baba Lado, mai kyau ba shi da labari."

Da aka ba wani hayar shagon ubanta, ba ta nemi sikeli ba, ba ta nemi kujera ba. Ƙyauren ƙofar ta sa aka cire mata, ta ɗora a kan amalanke ta kai bayan gidan burodin uwarta. A kansa take aiki. Hansai, yarinyar nan tana da ido. Ba don 'yarmu ce na faɗa ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki, ba bawanki ba,
Lado

*

Maigatari
24 ga Agusta, 2000

Bawan gidanmu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, gero ya yi kyau, Khamisu yana gaishe ka. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ka rage cin tsire.

Lado, na san ka tun kana yawo ba wando. In ka fara yabon abin da ba a tambaye ka ba, to akwai abin da ka zauna a kai. Na tambaye ka riga, ka ba ni ƙyaure.

Ban tambayi Badiyya ba don ban san abin da zan tambaya ba. Ka manta ranar sunanta? Mun aika da wanzamin gidanmu tun daga nan har Ikko don ya yi mata tsagen gida, dangin uwarta kuma suka kawo nasu na Yarbawa, aka yi ta cacar baki a tsakar gida, Sanda ya ce to kowa ya mayar da askarsa kube. Aka bar yarinya da fuska kamar ƙwai. Sau ɗaya ya kawo ta nan tana ƙarama, ta dube ni ta ce, "Goggo, yaya ne?" Mata suka yi ta dariya har ta koma. Tun daga ranar ban sake ganinta ba.

Ban ce ba 'yarsa ba ce. Amma zane ba shi ne a gabana ba. Ubanmu ya sa rigar nan da ya ƙara aure, Sanda ya sa, uban Khamisu ya sa, kuma duk ni na wanke ta na linke bayan biki. Ba zan aurar da maraya a cikin rigar kanti ba.

Ka amsa min da kalma ɗaya. Tana ina?

Hansai

*

Oko-Oba
5 ga Satumba, 2000

Uwar ɗakina,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi. Tsire kuma ba zan bari ba, likita ma ya haƙura.

Kin ce kalma ɗaya. Ba za ta yiwu ba, sai dai ki zauna.

Rigar tana cikin adakar Sanda a ƙarƙashin gado. Ruwan da aka yi a watan Yuni ya shiga ɗakin har gwiwa, matarsa kuma tana takaba, ba wanda ya tuna da adaka. Da takardarki ta farko ta zo muka buɗe. Hansai, ƙasan rigar ya ruɓe, kina taɓawa yana biyo hannu kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Abin da ya tsira shi ne wuya da aikinsa, da aljihu, da hannu ɗaya. Ba zan yi miki ƙarya ba, da an kai wa wani tela da na sani a Sabo, da zai iya yi mata faci, a sa ta a haka da ɗan rufin asiri. Abin da na shirya ke nan. Badiyya ta ce in ba ta ta shanya. Da na koma karɓa, na tarar ta sa almakashi.

Na yi ihun da masu tallan burodi suka ajiye faranti suka zo kallo. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Baba Lado, abeg, zo ka gani." Ta kai ni bayan gida.

Ƙyauren yana tsaye a jingine da bango. Zan faɗa miki abin da ke jiki, amma faɗa ba gani ba ne. Daga sama baƙin shuɗin rigar ne, ta yayyanka ta jera shi hawa-hawa, kamar sama in ruwa ya kusa sauka. Daga ƙasa ruwan ɗorawa ne mai ƙarfi, fentin danfo, motocin hayar garin nan, har da baƙaƙen layukan nan biyu, amma ta karya su sun tafi a karkace. Tsakanin shuɗi da ɗorawa ta cusa ƙyallayen adiren uwarta, rinin nan na Yarbawa, da buhun gishirin da muke zuba wa fata, da tsatsar da ta kankaro daga titin jirgi ta dama da ƙaro ta shafa. Dama da hagu ƙirgin nan nawa ne, ta tsattsaga shi da wuƙar ubanta. Wuyan rigar da aikin Inna yana tsakiya, ba ta taɓa ko zare ɗaya ba. Sama da shi kaɗan ta manna fasasshen madubin danfo. Na tsaya a gabansa, maɓallin rigata kawai na gani. Na ce wannan madubi na gajeru ne? Ta ce, "Ba sayis ɗinka ba ne."

Babu mutum a ciki, babu dabba, babu gida, babu bishiya. Na jawo limaminmu ya duba, don na san yanzu can wajenku ana sa ido a kan hotuna. Ya daɗe yana kallo, ya ce babu mai rai a ciki, ba laifi, amma yaushe za ta fara zanen?

Ni kuwa, Hansai, tun ina saurayi sana'ata ke nan, in dubi fata in nemo aibinta don in karya wa mai ita farashi. Na zagaya abin nan ina neman inda zan soka, ban samu ba. Ka kalli sama ka ji kana gida, ka kalli ƙasa ka ji hon ɗin motocin Oshodi, kuma ba inda ɗaya ya danne ɗaya. Ga ƙyauren har yanzu yana warin shagon Sanda. Sai na ji bakina ya mutu, abin da ke kanki ba ki taɓa iya yi min ba.

Na ce mata mene ne wannan ɗin? Ta ce, "A makaranta ni Gambari ce, wato Bahaushiya. A Maigatari ni Bayarbiya ce. Na gaji da tambayar mutane ni wace ce, shi ne na zo ina tambayar ƙyaure."

Na san wannan ba zai sa wa Khamisu riga ba. Ki bar min shi. Zan aika Kano a ɗinka masa babbar riga wadda za a yi shekara ana zancenta a Maigatari. Ita kuma tsohuwar, ki yarda da ni, ba ta taɓa yin kyau irin na yanzu ba.

Naki,
Lado

*

Maigatari
9 ga Nuwamba, 2000

Lado,

Kana da rai?

Na rubuta maka takarda a watan jiya, mai zafi, ba amsa. Na ce raini ne. Sai muka ji a rediyo ana faɗa a Ikko, har an ambaci Agege da kwata. Motocin shanu suka daina tafiya. Ɗanbaba ya ajiye tirela, ya ce takardar tawa ma tana cikin aljihun motar, ba ta je ko'ina ba. Na karɓe ta na sa a murhu. Yau ya ce zai gwada hanya, shi ne na sake wata. Ka amsa ko da layi ɗaya ne. Kullum sai na fita bakin kasuwa ina tambayar direbobi wani dogo mai surutu.

In kana da rai, to ga maganata, ba ta canza ba. Layin nan da ka rubuta, "ta sa almakashi", na karanta shi har takardar ta huje. Kai da bakinka ka ce da faci zai yiwu. Ke nan ba ruwa ne ya kashe rigar ba, ita ce. Sannan ka ce ba ta taɓa yin kyau irin na yanzu ba. Wato duk shekarun da ubanmu da 'yan'uwana suka sa ta, mummuna ce, sai da aka liƙa ta da fentin mota? Ka riƙe rigarka ta Kano. Ba rashin tufafi ne ya dame mu ba.

Wanda ya san gida ba zai yi haka ba. Ta nuna ita ba tamu ba ce, na karɓa. Kada ta zo bikin Khamisu. Kada ka zo min da ita, kada ka zo min da gaisuwarta.

Amma ka gaya min ko faɗan nan bai taɓa ta ba. Ba don komai ba, don in san abin da zan ce wa Sanda.

Hansai

*

Oko-Oba
3 ga Disamba, 2000

Hansai,

Ina da rai, kuma ban rage tsawo ba. Barka da shan ruwa, ya ibada? Na ji daɗi da kika yi ta nemana a bakin kasuwa. Zan sa a rubuta a jikin rumfata.

Abin da aka yi ba daɗin faɗa. An rasa mutane, an ƙona rumfuna, tawa Allah ya tsare. Ranar da abin ya tashi ina hanyar gida, hanya ta rufe. Gidan burodin matar Sanda ne kusa, na faɗa. Ni da na yi shekaru ina ce mata Iya Mai Ƙulli don tsokana, ita ta tura ni bayan buhunan fulawa. Da samari suka zo ƙofa suna tambaya ko akwai Hausawa a ciki, Badiyya ce ta fita. Ina jin ta tana zuba musu Yarbanci irin na tsofaffin kasuwa, har da tambayar ɗaya daga cikinsu lafiyar uwarsa da sunanta. Suka wuce. Washegari namu suka zo da sanduna, sun ji gidan Bayarbiya ne. Ita ce dai ta sake fita. "Kai Shafi'i, ba kai Babana yake ba wa aikin shanya fata ba? Nan za ka ƙona?" Ya sunkuyar da kai. Na fito fari fat kamar fatalwa na ƙarasa musu sauran. Kin tambaya ko faɗan ya taɓa ta. Ƙofa ɗaya ta tsare sau biyu da baki biyu. Ki faɗa wa Sanda haka.

Kuma layin nan nawa kin karanta shi a karkace. Ban ce rigar mummuna ce a jikin Kawu Iliyasu ba. Ni ɗan kasuwa ne, in ina yabon kaya bakina yana wuce ni.

Yanzu ga labari. Da ƙura ta lafa, aka kai aikinta wani gidan nuni a Ikoyi tare da na wasu. Na sa shaddata na je. Wuri fari ƙal, sanyi kamar ɗakin ajiye nama, mutane suna tafe a hankali da kofi a hannu kamar masu zuwa dubiya. Akwai zane-zane da yawa, amma gaban ƙyauren Sanda aka yi cinkoso. Wani mai gemu da tabarau ya ce yana ganin Nijeriya. Wata ta ce tana ganin teku. Ni na ce a raina ku dai ku gani, ƙirgina ne. Sai ga wata madam mai banki, ta ce a cire mata shi. Ta faɗi abin da za ta bayar, ba zan rubuta ba don kada azuminki ya karye. Na riga na fara murmushin ciniki, ina shirin cewa albarka don ta ƙara, sai na ji Badiyya ta ce ba na sayarwa ba ne, yana da masu shi. Hansai, sai da na nemi kujera.

Takardarki na karanta mata duka, ban sa sukari ba. Da na kai wajen "ba tamu ba ce" ta ce in maimaita, na maimaita. Sai ta tashi ta nemo kwalaye da tabarmi ta fara naɗe ƙyauren. Ta ce, "Goggo ta ce a aika mata rigar gida. Ga ta nan. In ta ga dama ta ɓamɓare, in ta ga dama ta hura wuta. Nata ne."

Yana cikin tirelar Ɗanbaba, na sa ya wanke kashin shanu kafin a ɗora. Roƙonta ɗaya: a jingine shi a ƙasa yadda ƙyaure ke tsayawa, kada a rataye. Nawa roƙon kuma, ki kalle shi kafin ki nemo ashana.

Naki,
Lado

*

Maigatari
14 ga Disamba, 2000

Bawan gidanmu,

Alhamdu lillahi da kuka tsira. Ka gaida matar Sanda, ka ce na gode da ta adana min kayana a bayan fulawa.

Abin ya iso. Unguwa ta cika zaure, an ɗauka firji ka aiko. Da aka kwance, Rahamatu maƙwabciyata ta ce, "Ayya, ruwa ya ɓata shi a hanya." Na kore su, na tsaya daga bakin ƙofa na duba.

Aikin Inna yana nan, wannan na gani. Amma kai da kake cewa kana da ido, me ka ce ta yi wa ƙirgi? Ta tsattsaga? Makaho. Tsagen gidanmu ne. Zube uku a wannan gefe, uku a wancan, da bille guda. Fuskar Sanda ta so ta yi.

Kuma ta yi kuskure. Billenmu a kuncin hagu yake. In Sanda yana tsaye yana kallona, billensa ta hannun damana yake faɗowa. Nata ta hannun haguna yake. Bille a dama ba namu ba ne, na mutanen ƙetaren iyaka ne, su gidan Boubacar mai raƙuma. Ta yanka rigar kakanta don ta yi fuskar ubanta, ta ɓuge da fuskar baƙo. Ta girma tana kallon mutumin nan kullum, ba ta san gefen da billensa yake ba.

Ban ƙona ba, albarkacin zaren Inna. Na juya shi yana kallon bango. Maganar biki tana nan yadda na faɗa.

Hansai

*

Oko-Oba
21 ga Disamba, 2000

Uwar ɗakina,

Muna lafiya, ana ta shirin salla. A tsaye nake rubutu, Ɗanbaba ya tayar da mota.

Kin ci ni. Wata uku ina kallon abin nan, ɓarnar wuƙa kawai nake gani, don abin da aka koya wa idona ke nan. Na je na karanta mata takardarki, ina jiran ta ji haushi. Sai ta ajiye kwanon da ke hannunta ta ce, "Goggo ta gane tsage ne?" Na ce tun daga bakin ƙofa. Ta zauna a kan buhu ta yi ta kuka. Ta ce duk mutanen Ikoyi da malamanta da ni, ba wanda ya gane. Ban taɓa ganin wanda aka zaga ya yi irin wannan murna ba.

Na ce to batun bille fa? Ta share ido ta ce ba ta yi kuskure ba, kuma ba Baba ta yi ba. Na ce to wa? Ta ce, "Daga ina Goggo ta tsaya?" Na ce bakin ƙofa. Ta ce, "Ka ce ta matsa kusa. Kusa sosai."

Iyakar abin da na samu ke nan. Ni ban gane ba, kuma kin san ba na son faɗin haka. Amma na san masu tsayawa nesa da sa suna kushe shi, su ne waɗanda ke tsoron in sun taɓa za su saya. Ki matsa, Hansai. Ba ya cizo.

Lado

*

Maigatari
4 ga Janairu, 2001

Lado,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. An sa ɗaurin auren Khamisu Juma'ar da ke bayan ta sama.

Ban yi niyyar bin maganarka ba. Shekaranjiya da safe ina sharar zaure saboda baƙi, na ce bari in janye abin nan in share bayansa. Da nauyi, sai da na rungume shi na juyo da shi. Ina ɗagowa sai ga ni a ciki.

Madubin daidai fuskata yake, Lado. Ban sunkuya ba, ban yi ɗage ba. Zuben da ke jikin fata ya zo daidai nawa, dama da hagu, kamar an ci gaba da jan layi. Na ɗaga hannun hagu na taɓa billena, sai ga nata a gefen, yana jirana. Ashe ba wani ta yi yana kallona ba. Wanda ya tsaya a gaban madubin ne ta yi.

Sai na tuna wadda ta yi shi ba ta da tsage ko ɗaya. Na sa tafin hannuwana na rufe kumatuna, na bar ido da hanci kawai, yadda za ta ga kanta in ta tsaya. Tsagen yana nan a jikin fata, gefe da gefe, bai tafi ba. Abin da aka hana ta ranar suna, ta yi wa kanta, kuma namu ta zaɓa ta sa kusa da fuska.

Na sauke ido, sai na ga wuyan rigar a wuyana. Aikin Inna a kan ƙirjina. Ni da na wanke rigar nan na linke wa maza uku, ban taɓa ko gwada ta a kafaɗa ba, don ba ta mata ba ce. Shekaranjiya na sa ta, da tsintsiya a hannu. Rahamatu ta shigo ta same ni a haka, ta ce lafiya? Na ce ƙura ce ta shiga min ido, ta fita ta ba ni wuri.

Ashe tsawonmu ɗaya da yarinyar nan. Duk surutunka ba ka taɓa gaya min ba.

Na kira Khamisu na tsayar da shi. Ya fi mu tsawo, sai da ya rusuna sannan wuyan ya hau shi. Na ce haka za ka yi ranar Juma'a kafin a tafi masallaci, a gaban kowa, kuma rusunawar ba za ta rage ka da komai ba. Rigar Kanon da ka yi alkawari ka kawo, ya sa a waje, tunda kai ka ɗauko wa kanka. Kai kuma dogon banza, za mu haƙa maka rami a zaure ka shiga ka ga abin da ka yi wata uku kana yabo ba ka gani ba.

Ka taho da Badiyya. A gaba za ta zauna kusa da Ɗanbaba, ba a baya ba. In ta zo ta ce min "Goggo, yaya ne", duk matar da ta yi dariya da ni take yi.

Amma ka faɗa mata, batun almakashi ban yafe ba. Ta zo mu yi faɗan a nan tsakar gida, ni da ita, yadda 'yan gida ke yi.

Uwar ɗakinka,
Hansai